Zaɓen kansiloli a Ingila: shin Labour da Conservative sun tashi daga aiki ne?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau mako uku ke nan da zaɓen kansiloli na ranar 1 ga Mayun 2025, ina ta zuba ido in ga wani ya ɗauko maganar a zauren nan, shiru. To bari ni in ɗauko, domin abin yana ci min rai.

A gundumar Durham nake zaune, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ga wanda bai san yankin ba, ƙasar masu haƙar kwal ce, kuma tun 1919 Labour ta fara karɓar majalisar gundumar. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa kowace safiya, ya haura shekara 80. Fitilar da ya riƙa shiga rami da ita tana nan ajiye a bakin taga, kullum sai ya sa an goge ta. Ya sha gaya min cewa shi da mahaifinsa ba su taɓa ba wata jam'iyya ƙuri'a ba in ba Labour ba. Ranar zaɓe ni na tura kekensa har rumfar zaɓe, a zauren wani coci. Ya nuna katinsa mai hoto, ya ɗauki fensirin nan da ake ɗaurewa da zare, hannunsa na rawa, ya yi alamarsa. Da muka fito bai ɓoye min ba, ya ce Reform ya zaɓa. Ni da na zo ƙasar da bizar aiki, ni ce na tura shi ya je ya zaɓi jam'iyyar da babbar maganarta ita ce baƙi sun yi yawa. Washegari sakamako ya fito: Reform kujera 65 cikin 98, Labour kujera 4.

Tambayata: fushi ne na ɗan lokaci, ko kuwa ƙasar ce ta juya?

Injiniya Sadiƙ:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Ba Durham kaɗai ba ce. Majalisu 23 aka yi zaɓe a cikinsu, kujeru sama da 1,600. Reform ta Nigel Farage ta kwashi 677, ta karɓe ragamar majalisu 10, ciki har da Kent, Lancashire, Derbyshire, Staffordshire, Nottinghamshire da Lincolnshire. Conservative ta rasa kujeru sama da 670, kuma ba ta fita da rinjaye a ko da majalisa ɗaya ba. A Kent, wadda ta daɗe a hannunsu, kujera 5 suka tsira da ita cikin 81, Reform ta ɗauki 57. Labour ta rasa 187.

Amma ni lissafin da ya fi tsaya min shi ne wanda BBC ke yi, inda take auna yadda ƙuri'u za su kasu da a ce ƙasar baki ɗaya ce ta yi zaɓe: Reform kashi 30, Labour 20, Lib Dem (jam'iyyar Liberal Democrats) 17, Conservative 15, Green 11. Ku haɗa manyan biyun, kashi 35 ne kawai. Jam'iyyun da suka yi shekara ɗari suna miƙa wa juna mulki, yau su biyun a haɗe da ƙyar suka wuce kashi ɗaya cikin uku.

Nura Ɗalibi:
Ku yi haƙuri Yaya, ni ban cika shekara a ƙasar ba. Wannan yana nufin kujerar Firaminista Keir Starmer, shugaban Labour, tana rawa ne?

Injiniya Sadiƙ:
A'a ƙanena. Zaɓen majalisun yankuna ne, ba na majalisar dokoki ta Westminster ba. Starmer yana da kujeru sama da 400 cikin 650 tun zaɓen Yulin 2024, kuma doka ba ta tilasta masa kiran babban zaɓe sai 2029. Kujerar majalisar dokoki ɗaya ce aka yi zaɓen cike gurbinta a ranar, Runcorn da Helsby. Labour ta ci ta da ratar ƙuri'u kusan 14,700 wata goma kafin nan. Wannan karon Sarah Pochin ta Reform ta karɓe ta da ratar ƙuri'a 6. Shida rak, bayan an sake ƙirgawa.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Na karanta abin da kuka rubuto, kuma ina roƙon ku yi a hankali. Na daɗe a ƙasar nan, na ga irin wannan guguwar fiye da sau ɗaya.

A farkon shekarun 1980, wasu jiga-jigan Labour suka ɓalle suka kafa SDP, suka haɗa kai da Liberal. Jaridu suka ce zamanin jam'iyyu biyu ya ƙare. Da aka zo zaɓen 1983 ƙawancen ya sami kashi 25 na ƙuri'u, amma kujera 23 kawai. Labour da ta fi su da kashi biyu kacal ta sami 209. Daga nan iska ta fara saccewa. Sai UKIP, ta shi wannan Farage ɗin. A zaɓen kansiloli na 2013 ta sami kujeru kusan 150, aka yi ta kururuwa. Da aka dawo kan kujerun a 2017 sai da aka share su kusan ƙaf. Majalisar Thanet da suka karɓa a 2015 rigimar cikin gida ce ta wargaza musu ita.

Sannan ku duba da me ake gwadawa. Kujerun nan an yi zaɓensu na ƙarshe ne a Mayun 2021, lokacin Firaminista Boris Johnson na Conservative na kan ganiyarsa saboda allurar korona. Conservative ta hau can sama, dole faɗuwarta ta yi ƙara. Kuma ba a yi zaɓe a Landan ba, ba a yi a Birmingham ko Manchester ba, balle Scotland da Wales. Yankunan karkara da ƙananan garuruwa ne suka yi, inda dama Reform ta fi ƙarfi, kuma irin wannan zaɓen kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke fita. Wanda ke fushi shi ke sammako, wanda ba ya fushi yana gida.

Injiniya Sadiƙ:
Malam, tarihin da ka kawo gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma akwai bambanci guda da nake ganin shi ne jigon maganar. Tsarin zaɓen Ingila, wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Wannan tsarin ne ya danne SDP, shi ya danne UKIP a 2015 da ta sami ƙuri'u kusan miliyan 4 amma kujera ɗaya, shi ya danne Reform a 2024 da ta sami kashi 14 amma kujera 5. Tsarin yana murƙushe duk wanda ke ƙasa da wani mizani, amma da zarar ka haura mizanin, sai ya koma yi maka aiki. In jam'iyyu biyar ne ke raba ƙuri'a, kashi 30 ya ishe ka ka kwashe fili. Haka Labour ta sami kusan kashi biyu cikin uku na kujerun majalisar dokoki da kashi 34 na ƙuri'u. Katangar da manyan biyun suka jingina da ita, yanzu Reform ce a cikin inuwarta. SDP da UKIP ba su taɓa zuwa na ɗaya a wannan lissafin ba. Reform ta zo, da ratar maki 10.

Misali kaɗan: kujerar magajin garin yankin West of England, Labour ta ci ta da kashi 25 kawai. Mutum uku cikin huɗu ba su zaɓi wadda ta ci ba.

Auwal Direba:
Ni ba masanin lissafi ba ne, tasi nake ja, amma kunnena yana aiki. Tun lokacin sanyi fasinjojina tsofaffi magana ɗaya suke yi, kuɗin ɗumama gida. Fam 200 zuwa 300 ne a shekara, gwamnatin Labour na hawa ta cire wa 'yan fansho kusan miliyan 10. Wata tsohuwa da nake kaiwa asibiti ta ce min ɗaki ɗaya take kunna wa hita, sauran gidan ta rufe. Ba ta yi min maganar baƙi ba ko sau ɗaya. To irin wannan in ta zaɓi Reform, wariya za mu ce ta yi? Mutane sun kori Conservative saboda shekara 14 na wahala, suka kawo Labour, Labour ta fara da aljihun tsofaffi. Ina za su je?

Ni kaina ban fita ba wannan karon. Labour na bi shekara da shekaru, amma tun abin da ya faru a Gaza da irin matsayin da shugabanninta suka ɗauka, hannuna ba zai iya yi musu alama ba.

Maman Hanif:
Malam Auwal, maganar tsofaffi gaskiyarka ce, dattijon da na ambata ma ita ce a bakinsa. Amma rashin fitarka ya dame ni, ba zan ɓoye maka ba. An ci kujera da ƙuri'a 6 fa.

Auwal Direba:
To 'yar'uwa, sai mu zama bayin jam'iyya? Kullum a tsorata mu da dodo mu ruga mu faɗa hannun wanda bai ɗauke mu a bakin komai ba? A 2024 mutanenmu sun nuna akwai wata hanya. 'Yan takara masu zaman kansu sun ci Leicester ta Kudu, Blackburn, Dewsbury da Batley, da Perry Barr a Birmingham, duk a kan maganar Gaza. Jonathan Ashworth da ake ganin zai zama minista ya rasa kujerarsa. Ranar ce aka fara jin muryarmu.

Malam Habu:
Auwal, ba na ganin laifinka, zuciya ce. Amma waɗancan mazaɓun Musulmi na da yawan da za su iya kai mutum ga nasara. A inda muke tsiraru, ɗari biyu ko ɗari uku a unguwa, ƙuri'armu ba ta iya naɗa kowa, sai dai ta hana wani. Ban ce ka koma Labour ba. Akwai Green, akwai Lib Dem, akwai mai zaman kansa. Ka duba wanda ke kusa da cin mazaɓarka ka yanke shawara. Zama a gida ne kawai ban yarda da shi ba, musamman ga mu da doka ta ba dama. 'Yan ƙasashen renon Ingila da ke zaune bisa ƙa'ida suna da ikon jefa ƙuri'a a nan, abin da Ba'amurke da ya shekara 20 a ƙasar ba shi da shi sai ya karɓi takardar ɗan ƙasa.

Nura Ɗalibi:
Malam, har da mu ɗalibai?

Malam Habu:
Har da ku, in fasfonka na ƙasar renon Ingila ne kuma takardar zamanka na aiki. Ta intanet ake rajista, minti kaɗan ne. Ranar zaɓe ka tafi da shaida mai hoto, tun 2023 aka wajabta.

Hajiya Rabi:
Na bar ku kun yi nisa kafin in sa baki. Ni a sashen kuɗi na wata majalisar gunduma nake aiki, ba zan faɗi sunanta ba. Abin da nake so ku gane shi ne, cin zaɓe daban, buɗe littafin kasafi daban.

Reform ta yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin za ta toshe ɓarna, ta rage haraji, ta kori masu aikin sauyin yanayi da na daidaita jinsi da launi, irin abin da Elon Musk ya je yi a Amurka. To ga abin da za su tarar. A majalisar gunduma, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da hukuma ta ɗauki nauyinsu. Wannan ba zaɓi ba ne, doka ce ta wajabta. Tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado, an auna ta an ga ta cancanta, dole ka biya mai zuwa ya ɗaga ta. Yaro mai buƙata ta musamman da makarantarsa ke da nisa, dole ka biya motar da za ta kai shi, wataƙila ma motar Malam Auwal ce. Abin da ya rage shi ake yayyafawa a kan tituna, ɗakunan karatu, da wuraren zubar da shara. Shi ya sa ramukan titi ba sa ƙarewa, ba don wani ya cinye kuɗin ba.

Ta ɓangaren shigar kuɗi kuma hannunka a ɗaure yake. Harajin gida ba za ka ƙara shi ya kai kashi 5 a shekara ba sai ka yi ƙuri'ar raba gardama ko ka sami izini na musamman, kuma kusan kowace majalisa tana ƙarawa har bakin iyakar ne don kada ta nutse. Doka ta hana majalisa yin kasafin da bai daidaita ba. In ta kasa, sai jami'in kuɗi ya fitar da sanarwar sashe na 114, a dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi da ba wajibi ba. Birmingham, majalisa mafi girma a ƙasar, ta yi haka a Satumban 2023, kuma tun watan Maris na 2025 masu kwashe shararta ke yajin aiki. Daga watan Afrilu an ƙara wa masu ɗaukar ma'aikata kuɗin inshorar ƙasa daga kashi 13.8 zuwa 15, kamfanonin kula da tsofaffi suka juyo da nauyin kan majalisu.

Sababbin kansilolin nan da yawansu ba su taɓa zama a irin wannan kujera ba. Ba na yi musu fatan faɗuwa, domin in suka faɗi talaka ne a ƙasa. Amma watan Fabrairu na zuwa, lokacin kasafi. A nan za a ga ko harajin zai sauka ko zai hau.

Auwal Direba:
Hajiya, to maganar otal-otal ɗin masu neman mafaka fa? Ita 'yan Reform suka fi ɗagawa.

Hajiya Rabi:
Wannan ba a hannun majalisa take ba. Ma'aikatar cikin gida ce ke ba da kwangilar, daga Landan. Iyakar abin da majalisa za ta yi shi ne ta kai ƙara kotu ko ta bi ta dokokin tsara gine-gine. Andrea Jenkyns da ta zama magajiyar garin yankin Lincolnshire ta ce a zuba su a tantuna, amma ba ta da ikon kafa tanti ko ɗaya. Abin da suke iya taɓawa ƙanana ne a takarda amma ana jin su a jiki: tallafin ƙungiyoyin unguwa, kuɗin tafinta a ofis, azuzuwan koyon Turanci, tutar da za a kafa a gaban ginin majalisa.

Maman Hanif:
Hajiya kin fayyace, Allah ya saka. Amma a nan ne nake ganin Malam Habu da ke duk kun bar wani abu. Ba sai Reform ta iya gudanar da majalisa ba kafin ta canza rayuwata. Kwana 11 bayan zaɓen, ranar 12 ga Mayu, Starmer ya fito da sabon tsarin shige da fice. Za a daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Zaman da mutum zai yi kafin ya nemi takardar dindindin ana son a ɗaga shi daga shekara 5 zuwa 10. Har ya ce ƙasar na iya zama tsibirin da mazaunansa baƙin juna ne. Wannan daga bakin shugaban Labour, ba Farage ba. Mu da muke ƙirga watanni muna jiran shekara biyar ta cika, daren nan da yawanmu ba mu yi barci ba. Jam'iyya mai 'yan majalisa biyar ce ke jan akalar mai 400.

Malam Habu:
'Yata, a nan kin kama ni, kuma na karɓa. UKIP ba ta taɓa kafa gwamnati ba, amma tsoronta ne ya sa Firaminista David Cameron na Conservative ya yi alƙawarin ƙuri'ar raba gardama, aka yi ta a 2016, ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai. Jam'iyyar ta mutu, abin da take so ya tabbata. To ko da hasashena ya yi daidai Reform ta sacce nan da shekara huɗu, dokokin da aka yi saboda tsoronta za su zauna. Abin da har yanzu ban sakar wa Sadiƙ ba shi ne cewa an gama da manyan biyun. Sau ɗaya aka taɓa yin haka, lokacin da Labour ta ture Liberal a shekarun 1920, kuma sai da aka yi yaƙin duniya, Liberal ta tsage gida biyu, aka faɗaɗa 'yancin zaɓe ga miliyoyin ma'aikata da mata.

Injiniya Sadiƙ:
Labour ban ce an gama da ita ba Malam, mulki na hannunta, tana da shekara huɗu ta gyara. Conservative ce nake ganin tana cikin halin da Liberal ta shiga. Ana cinta ta gefe biyu. Reform na ɗibar masu zafin ra'ayi a arewa da tsakiya, Lib Dem na ɗibar masu sassauci a kudu. Mun shagala da Reform mun manta Lib Dem ta sami kujeru 370, ta karɓi Oxfordshire, Cambridgeshire da Shropshire. In Kemi Badenoch, shugabar Conservative, ta matsa ɓangaren masu zafin ra'ayi don ta kamo na Farage, sai ta ƙara sakin na Ed Davey, shugaban Lib Dem. In ta dawo tsakiya, Farage ya ƙarasa kwashe sauran. Kuma kansila shi ne ƙafar jam'iyya, shi ke bin gida gida da takardu ranar Asabar. Wanda ya rasa 670 a dare ɗaya, wa zai buga masa ƙofa a 2029?

Auwal Direba:
Ku duba Doncaster ma. Ros Jones ta Labour ta tsira da kujerar magajin gari da ƙuri'a kusan 700, amma majalisar da za ta yi aiki da ita Reform ce ke da rinjaye. Kuma tana cin zaɓen ta juya ta soki gwamnatin jam'iyyarta a kan kuɗin ɗumama gida. Ita ta ji abin da nake ji a mota.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi kyau, a ci gaba da mutunta juna. Nura, in ka yi rajistar ka sanar da sauran ɗalibai. Mayun 2026 akwai zaɓe a Landan, Birmingham, Manchester, da majalisun Scotland da Wales.

Nura Ɗalibi:
Na yi yanzun nan, Yaya. Lambar inshorar ƙasa kawai suka tambaya da adireshi.

Maman Hanif:
Na dawo daga aikin safe. Na gaya wa dattijon nan cewa shekaranjiya Starmer ya faɗa a majalisa za a sake duba maganar kuɗin ɗumama gida, a mayar wa ƙarin 'yan fansho. Na zaci zai yi murna. Sai ya ce da bai juya musu baya ba da ba su ji shi ba, don haka ƙuri'arsa ta yi aiki, kuma in an sake zaɓe gobe haka zai sake yi. Sai na yi ƙarfin hali na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, cewa ita wannan ƙuri'ar ce kuma ta sa ake maganar ninka min shekarun jira, kuma a cikin mu shida da ke karɓa-karɓa a kansa, huɗu da biza muka zo. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce shi ba da ni yake ba, ni ai ya san ni. Na ce masa sauran ma akwai wanda ya san su. Na ba shi maganinsa, na rubuta a littafin aiki, na ce sai gobe ƙarfe bakwai.

Auwal Direba:
Allah ya ba ki lada 'yar'uwa. Zan fita a 2026, in Allah ya kai mu. Amma ba Labour ba.